KARL SCHWARZSCHILD (1873–1916): MASANIN DA LISSAFINSA YA FARA NUNA BAƘIN RAMI

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan al'ajabi da ilimin kimiyya ya gano a sararin samaniya, da wuya a sami wanda ya kai baƙin rami ɗaure kai. Baƙin rami wani yanki ne na sarari inda ƙarfin janyowa ya yi tsananin da babu abin da zai shiga cikinsa ya fito, hatta haske, wanda shi ne ya fi komai gudu. Ƙarfin janyowa kuwa shi ne ƙarfin nan da kan dawo da dutse ƙasa idan an jefa shi sama, kuma shi ne ke riƙe da wata yana kewaya duniya, ita kuma duniya tana kewaya rana. A takarda baƙin rami ya fara bayyana, tun kafin wani madubin hangen nesa ya hango alamarsa, cikin lissafin da wani masanin taurari Bajamushe ya yi yana sanye da kayan soja a ƙarshen shekarar 1915, ƙasa da watanni biyar kafin rasuwarsa. Wannan masani shi ne Karl Schwarzschild. A wannan babi za a bi tarihin rayuwarsa, a kuma bayyana abin da lissafin nasa ya nuna game da sarari da lokaci, domin a ga yadda lissafi ya riga ido gani, har ma ya riga mai lissafin kansa amincewa da abin da ya samo.

2.0 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Karl Schwarzschild ranar 9 ga Oktoba, 1873, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne, kuma zuriyarsu ta daɗe a wannan birni tun ƙarni na 16. Ma'anar sunan gidansu da Jamusanci ita ce baƙar garkuwa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai abin hannu, Karl kuma shi ne ɗan fari. Ya fara karatu a makarantar Yahudawa har ya kai shekara 11, sannan ya shiga makarantar sakandare ta birnin.

Tun yana yaro sha'awar taurari ta kama shi. Yakan tara 'yan kuɗin da ake ba shi ya sayi gilasai ya harhaɗa madubin hangen nesa da kansa. Da mahaifinsa ya lura da haka, sai ya haɗa shi da wani malami abokinsa wanda ke da ɗakin duban taurari a gidansa, a nan ne yaron ya koyi aiki da na'urori da kuma lissafin da ya zarce na ajinsu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a shekarar 1890, yana da shekara 16, wata mujallar masana taurari ta Jamus ta buga maƙalu biyu da ya rubuta a kan yadda ake gano hanyoyin da abubuwan sararin samaniya ke bi wajen kewaya juna, ciki har da taurari 'yan tagwaye.

3.0 Karatun Jami'a da Ayyukansa na Farko

A shekarar 1891 ya shiga Jami'ar Strasbourg, wadda a wancan lokaci take ƙarƙashin mulkin Jamus, ya yi shekara biyu a can. Daga nan ya koma Jami'ar Munich, ya yi nazari a ƙarƙashin Hugo von Seeliger, ya sami digirin digirgir a shekarar 1896. Kundinsa ya ta'allaƙa ne a kan siffofin da dunƙulen ruwa mai juyawa kan ɗauka, batun da ya ɗora a kan aikin masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré.

Bayan kammala karatu ya kama aiki a cibiyar duban taurari ta Kuffner da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, har zuwa shekarar 1899. A wancan zamani an fara auna hasken taurari ta hanyar ɗaukar hotonsu a faifan gilashi, kuma an ɗauka cewa idan hasken tauraro ya ragu da rabi, to ninka tsawon lokacin ɗaukar hoton sau biyu zai cike giɓin. Schwarzschild ya nuna cewa ga haske mai rauni abin ba haka yake ba, sai an ƙara lokacin fiye da haka, ya kuma fitar da ƙa'idar lissafin da har yau ake kira da sunansa.

Wani abin lura ya faru a shekarar 1900, a taron ƙungiyar masana taurari da aka yi a birnin Heidelberg. A wurin ya gabatar da maƙala yana tambaya ko sararin da muke ciki miƙaƙƙe ne kamar yadda aka saba ɗauka tun zamanin Girkawa, ko kuwa yana da lanƙwasa, ya kuma nuna yadda za a iya gwada hakan ta hanyar auna nisan taurari. Wato shekara 15 kafin Albert Einstein ya kammala ra'insa, tunanin lanƙwasar sarari ya riga ya zauna a zuciyar Schwarzschild.

Daga shekarar 1901 zuwa 1909 ya zama farfesa kuma shugaban cibiyar duban taurari a Jami'ar Göttingen, wadda a lokacin ita ce matattarar manyan masana lissafi irin su David Hilbert da Felix Klein da Hermann Minkowski. A nan ya jagoranci auna hasken taurari fiye da 3,500. A shekarar 1905 ya tafi Aljeriya domin nazarin husufin rana, a shekarar 1906 kuma ya wallafa bayani kan yadda zafi ke fitowa ta cikin iskar da ke lulluɓe da rana. A shekarar 1909 ya auri Else Rosenbach, 'yar wani farfesan aikin tiyata, kuma a wannan shekara aka naɗa shi shugaban cibiyar nazarin taurari ta Potsdam, kusa da Barlin, muƙamin da ya fi kowanne daraja a fagensa a duk faɗin Jamus. A shekarar 1912 ya zama ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta Furushiya.

4.0 Shigarsa Aikin Soja

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta na shekarar 1914, Schwarzschild ya haura shekara 40, ga iyali, ga babban muƙami, babu kuma wanda ya tilasta masa. Duk da haka ya kai kansa aikin soja, kamar yadda Yahudawan Jamus kimanin 100,000 suka yi wa ƙasar aiki a wannan yaƙi. An fara tura shi Beljiyam ya kula da wata tashar nazarin yanayi. Daga baya aka mayar da shi rundunar igwa a Faransa, inda aikinsa shi ne lissafa hanyar da harsashi mai dogon zango zai bi, ya kuma yi aiki a fagen daga na Rasha. Ya kai muƙamin laftanan. Ke nan ƙwarewar da ya samu wajen lissafa tafiyar taurari ita ce aka juya wajen lissafa inda harsashi zai faɗa. A cikin wannan hali bai daina bibiyar rubuce-rubucen masana ba, musamman na Einstein, wanda ya koma Barlin a shekarar 1914 suka zama 'yan majalisa ɗaya.

5.0 Ra'in Einstein Game da Sarari da Lokaci

Kafin a fahimci gudummawar Schwarzschild, wajibi ne a san matsalar da ya warware. Tun shekarar 1687 masana suke bin bayanin Isaac Newton, wanda ya ɗauki sarari a matsayin fili tabbatacce da ba ya motsi, lokaci kuma yana tafiya daidai wa daida a ko'ina, sannan abubuwa masu nauyi suna janyo juna daga nesa. Wannan bayani ya yi aiki matuƙa, sai dai ya gaza a wuri guda. Duniyar Makuri, wadda malaman falaki ke kira Uɗaridu, ita ce mafi kusa da rana, kuma hanyar da take bi tana gocewa kaɗan-kaɗan fiye da yadda lissafin Newton ya tanada, da kimanin kashi 1 cikin 84 na digiri ɗaya a duk shekara 100.

A watan Nuwamba na shekarar 1915 Einstein ya gabatar wa Majalisar sabon bayani, wanda ake kira ra'in dangantaka na gaba ɗaya. A wannan ra'i, sarari da lokaci a saƙe suke kamar zare da zare a jikin zane ɗaya, kuma duk abu mai nauyi yana lanƙwasa wannan saƙa a kewayensa. Misali, idan mutum huɗu suka ja zane suka ɗame shi, aka ɗora kabewa a tsakiya, zanen zai lotsa. Idan aka mirgina ƙwallon goruba a gefe, zai karkata wajen kabewar, alhali babu igiyar da ta ja shi, shimfiɗar ce ta canza. Haka duniya take bin lotsawar da rana ta yi wa sarari. Sai dai wannan misali sarari kawai ya nuna, alhali a ra'in Einstein lokaci ma yana lanƙwasa: agogon da ke kusa da abu mai nauyi yana tafiya a hankali fiye da wanda ke nesa.

Einstein ya zuba wannan tunani cikin ƙa'idojin lissafi guda goma masu sarƙe da juna, waɗanda warware su ke da matuƙar wuya. Shi kansa da lissafin kusantawa ya yi amfani, wato wanda ke kai mutum daf da amsa ba tare da ya ba shi ita cif-cif ba, kuma da shi ya bayyana gocewar Makuri ranar 18 ga Nuwamba. Bai yi tsammanin za a sami cikakkiyar amsa cikin sauƙi ba.

6.0 Amsar da ta Zo Daga Fagen Daga

Ranar 22 ga Disamba, 1915, Schwarzschild ya rubuta wa Einstein wasiƙa daga inda yake aikin soja, ɗauke da cikakkiyar amsa. Dabarar da ya yi ita ce sauƙaƙa tambayar. Ya ɗauki abu guda ɗaya tak, mulmulalle kamar ƙwallo, wanda ba ya juyawa, kuma babu komai a kewayensa, sannan ya tambayi yadda sarari da lokaci za su kasance a wajensa. Da yake abin iri ɗaya ne ta kowace fuska, sai yawancin sarƙaƙiyar ta zube, amsa ta fito a taƙaice. Ta tabbatar da abin da Einstein ya samu game da Makuri, wannan karon ba tare da kusantawa ba. Einstein ya yi mamaki ya kuma yi murna, ya karanta maƙalar a gaban Majalisar a madadin marubucinta ranar 13 ga Janairu, 1916. A watan Fabrairu maƙala ta biyu ta biyo baya, wadda ta duba abin da ke faruwa a cikin jikin tauraron. Jim kaɗan bayan haka wani ɗalibi a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Johannes Droste, ya samo amsa iri ɗaya ta hanyarsa.

7.0 Iyakar Ba-Komowa

A cikin amsar akwai wani abu da ya rikita masana. Ga kowane abu mai nauyi, lissafin ya fitar da wani nisa daga tsakiyarsa wanda a daidai nan alƙaluma kan rikice, lokaci ya zama kamar ya tsaya. Wannan nisa, wanda a yau ake kira da sunan Schwarzschild, gwargwadon nauyin abu yake: idan nauyi ya ninka, shi ma ya ninka. Na rana kimanin kilomita 3 ne, na duniyarmu kuwa milimita 9, wato bai fi ƙwayar gurjiya ba. Da yake daga tsakiyar rana zuwa bakinta kilomita 696,000 ne, wannan iyaka ba ta da wani tasiri a kanta. Amma da za a matse dukkan rana har ta shige cikin kilomita 3 ɗin nan, to da ta zama baƙin rami.

Ana iya fahimtar wannan ta hanyar gudun tsira. Kafin abu ya kuɓuce wa janyowar duniya sai ya yi gudun kilomita 11.2 a sakan ɗaya, kafin ya kuɓuce daga bakin rana sai ya yi kimanin kilomita 618. Gwargwadon yadda aka matse abu, gwargwadon yadda gudun tsira daga bakinsa ke ƙaruwa. A iyakar Schwarzschild ya kai gudun haske, wato kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kuma babu abin da ke wuce wannan gudu. Tun a shekarar 1783 wani Baturen Ingila, John Michell, ya yi hasashen tauraron da zai riƙe haskensa, amma a tunaninsa hasken yana tashi ne sannan ya komo kamar dutsen da aka jefa sama. A lissafin Schwarzschild kuwa, daga cikin iyakar babu wata hanya da ta nufi waje. Abin ya yi kama da mai kwalekwale a kogin da gudunsa ke ƙaruwa yayin da ya doshi gangare. Akwai wurin da gudun ruwa zai fi ƙarfin tuƙinsa, kuma daga nan ko ina ya juya goshin jirgin, gangaren zai nufa. Ba bango a wurin, ba alama, amma wanda ya wuce ya wuce ke nan. Saboda haka za a iya kiran wannan wuri iyakar ba-komowa.

Ya kamata a kawar da wani kuskure da ya yaɗu, cewa baƙin rami yana zuƙe duk abin da ke sararin samaniya. Daga nesa janyowarsa daidai take da ta kowane abu mai irin nauyinsa. Da za a musanya rana da baƙin rami mai nauyinta, da duniya ta ci gaba da bin hanyarta ta kullum, sai dai duhu da sanyi su rufe ta. Sai an matso kusa ne bambanci ke bayyana. A nisan da ya kai ɗaya da rabi na nisan iyakar, alal misali, lanƙwasar sarari ta kai yadda haske kansa zai iya kewaya ramin.

8.0 Yadda Baƙin Rami ke Shafar Lokaci

Lissafin Schwarzschild ya ba da ma'aunin jinkirin agogo a kowane nisa. Idan aka tsayar da agogo a wurin da nisansa daga tsakiya ya ɗara na iyakar da kashi ɗaya bisa uku, to duk sa'a ɗaya da ya buga, agogon da ke can nesa ya buga biyu. Idan aka matso da shi har ya rage kashi 1 cikin 100 kawai, sa'arsa ɗaya za ta yi daidai da kimanin sa'a 10 na nesa. Wannan ba lalacewar agogo ba ce, domin bugun zuciya da tsufa da tunanin wanda ke wurin duk haka za su jinkirta, shi kuwa ba zai ji wani canji a jikinsa ba.

A ce mutum biyu ne, ɗaya ya faɗa ramin, ɗaya ya tsaya nesa yana kallo. Mai kallo zai ga abokinsa yana rage gudu yayin da ya kusanci iyakar, haskensa yana rinewa zuwa ja yana dusashewa har ya ɓace, ba tare da ya ga lokacin da ya tsallaka ba. Wanda ya faɗa kuwa, a agogonsa zai tsallaka iyakar cikin ƙayyadadden lokaci. Daga nan isa tsakiya ya zame masa dole kamar yadda wayewar gobe take dole, domin duk wata hanya da ta nufi gaba a lokaci can ta nufa. A baƙin ramin da ya ninka rana nauyi sau miliyan 4, wannan tafiya ba za ta wuce kimanin minti ɗaya ba. A ƙaramin rami, bambancin janyowa tsakanin kai da ƙafa zai yayyaga jiki tun kafin a kai iyakar, a babba kuwa sai an shige. A can tsakiya lissafin Einstein ya daina ba da amsa mai ma'ana, wanda ke nuna cewa ana bukatar wani ra'i da ya fi shi zurfi.

Wannan jinkiri na lokaci yana nan ko a duniyarmu, sai dai kaɗan ne ƙwarai. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda wayar hannu ke dogara da su wajen nuna wuri, suna kewayawa a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma agogunansu suna riga na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan ɗaya a kullum, bayan an cire tasirin gudunsu. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren nuna wuri ya riƙa ƙaruwa da kimanin kilomita 10 a kowace rana.

9.0 Rashin Lafiyarsa da Rasuwarsa

Shi kansa Schwarzschild bai ɗauki wannan iyaka a matsayin abin da za a tarar a zahiri ba. A maƙalarsa ta biyu ya nuna cewa tauraron da kaurin jikinsa ɗaya ne daga ciki har waje ba zai iya tsayawa ba idan ya tsuke zuwa kashi tara bisa takwas na nisan iyakar, domin matsin da ke tsakiyarsa zai wuce misali. Daga nan aka ɗauka cewa babu tauraron da zai kai ga iyakar. Bai sami damar komawa kan batun ba.

Yana cikin aikin soja ne wata cutar fata mai suna femfigus ta kama shi. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi fata, ƙuraje masu ruwa su feso su fashe su bar gyambo, kuma a wancan zamani ba ta da magani. A watan Maris na shekarar 1916 aka sallamo shi gida. A kan gadon jinya ya kammala maƙala ta uku, a kan yadda ƙarfin lantarki ke rarraba hasken da ƙwayar zarra ke fitarwa. Ya rasu a Potsdam ranar 11 ga Mayu, 1916, yana da shekara 42, aka binne shi a Göttingen. Einstein ne ya gabatar da jawabin tunawa da shi a gaban Majalisar.

10.0 Yadda Aka Gaskata Lissafinsa

A shekarar 1919, lokacin husufin rana na ranar 29 ga Mayu, masanan Ingila suka ɗauki hotunan taurari a garin Sobral na Barazil da kuma tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, suka ga haske yana lanƙwasa idan ya gitta kusa da rana. Wannan ya ɗaukaka ra'in Einstein, amma iyakar ba-komowa ta ci gaba da zama abin shakka. A farkon shekarun 1930 Subrahmanyan Chandrasekhar na Indiya ya nuna cewa gawar tauraron da ta wuce kimanin ninki 1.4 na nauyin rana ba za ta iya ɗaukar nauyin kanta ba. A shekarar 1933 Georges Lemaître na Beljiyam ya gano cewa rikicewar alƙaluma a iyakar daga tsarin awon da aka zaɓa ta fito, sarari kansa bai yage a wurin ba. A shekarar 1939 Robert Oppenheimer da Hartland Snyder a Amurka suka lissafa yadda babban tauraron da makamashinsa ya ƙare zai rufta ya shige iyakarsa. A wannan shekara kuma Einstein ya wallafa maƙala yana ƙoƙarin nuna cewa irin wannan abu ba zai samu ba.

Sai a shekarar 1958 David Finkelstein ya fayyace cewa iyakar mashiga ce da ba ta da mafita. Roy Kerr na New Zealand ya samo amsar rami mai juyawa a shekarar 1963, Roger Penrose kuma ya tabbatar a shekarar 1965 cewa ruftawar ba ta bukatar tauraro ya zama cikakken mulmulalle. Daga shekarar 1967 John Wheeler ya yaɗa sunan baƙin rami. A farkon shekarun 1970 aka gane cewa Cygnus X-1, wani wuri mai fitar da hasken eksire, baƙin rami ne da ke janyo iska daga tauraron da ke maƙwabtaka da shi. An kuma fahimci cewa taurarin da suka ninka rana nauyi kimanin sau 20 ko fiye su ne kan ƙare a haka, ranarmu kuwa nauyinta bai kai ba.

Ranar 14 ga Satumba, 2015, kusan shekara 100 cif bayan wasiƙar Schwarzschild, na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar sarari da ta taso daga haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, masu nauyin rana kimanin sau 36 da sau 29. Ranar 10 ga Afrilu, 2019, aka fitar da hoton farko na inuwar baƙin rami, wanda ke tsakiyar gungun taurari na M87, mai nauyin rana sau biliyan 6.5. A shekarar 2022 aka fitar da na ramin da ke tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki, mai nauyin rana kimanin sau miliyan 4. Kafin nan, a shekarar 2020, masana sun sanar cewa hanyar wani tauraro mai kewaya wannan rami duk shekara 16 tana gocewa irin gocewar Makuri, daidai da abin da lissafin Schwarzschild ya tanada. A wannan shekara ce aka ba Penrose da Reinhard Genzel da Andrea Ghez kyautar Nobel saboda ayyukansu a kan baƙin rami.

11.0 Iyalinsa da Yadda Ake Tunawa da Shi

Schwarzschild ya bar 'ya'ya uku ƙanana. Ƙasar da ya yi wa aikin soja ta juya wa zuriyarsa baya bayan da 'yan Nazi suka hau mulki a shekarar 1933. 'Yarsa ta fari, Agathe, ta bar Jamus, daga baya ta zama farfesar adabin Girkawa da Rumawa a Jami'ar Otago ta New Zealand. Ɗansa Martin, wanda bai cika shekara huɗu ba lokacin rasuwar mahaifinsa, ya bar ƙasar a shekarar 1936. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ya zama farfesa a Jami'ar Princeton ta Amurka kuma jigo a nazarin yadda taurari ke tsufa. Ɗan autan ya rasu a shekarar 1944 a ƙarƙashin mulkin Nazi. A yau akwai cibiyar duban taurari a Tautenburg ta Jamus mai ɗauke da sunan Karl Schwarzschild, da lambar yabo da ƙungiyar masana taurari ta Jamus ke bayarwa, da kuma wani kwari a bayan wata.

12.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Karl Schwarzschild ya taso daga yaro mai harhaɗa gilasai zuwa shugaban babbar cibiyar nazarin taurari ta Jamus, da yadda ya samo cikakkiyar amsa ta farko ga ƙa'idojin Einstein cikin makonni kaɗan, a tsakanin aikin igwa da ciwon ajali. An kuma ga cewa amsar ta ƙunshi iyakar da haske ba ya tsallakowa da kuma jinkirin lokaci a kusa da ita. Shi bai ɗauki iyakar abin da zai samu a zahiri ba, Einstein ma ya musanta ta, amma da yake lissafin cikakke ne, ba a yi masa kwaskwarima don ya dace da abin da hankali ya saba da shi ba, sai ya tsaya yadda yake har na'urori suka cim masa bayan shekara 100. Abin da ɗalibi mai shirin zama malami zai ɗauka a nan shi ne muhimmancin yin aiki cif-cif da ajiye sakamako kamar yadda ya fito, ko da ya saɓa wa zaton mai aikin.

Auna Fahimta

1. Kawo ayyuka uku da Schwarzschild ya yi kafin shekarar 1914, ka nuna wanda ya share masa fagen fahimtar ra'in Einstein.
2. Mene ne bambancin bayanin Newton da na Einstein game da ƙarfin janyowa?
3. Yi bayanin iyakar ba-komowa da kalmominka, tare da misali daga rayuwar yau da kullum.
4. Me ya sa mai kallo daga nesa da wanda ya faɗa baƙin rami ba za su ba da labari iri ɗaya ba?